Bune: Tarihi da Zaman Jama'a a Wani Ƙauyen Manoma na Ƙasar Muniyo

Gabatarwa

Wannan maƙala ta shafi Bune, wani ƙauyen manoma da ke kudu da garin Gure, cikin jahar Damagaram, tsakanin duwatsun Muniyo da iyakar Najeriya. A takardun gwamnati, waɗanda suka gaji rubutun Faransanci, ana rubuta waɗannan sunaye Bouné da Gouré da Mounio. A nan an bi ƙa'idar rubutun Hausa. Dalilin zaɓen Bune shi ne ta taɓa zama fadar sarki, sa'an nan sarautar ta tashi ta bar ta da gonakinta. Saboda haka ana iya duba abu biyu a wuri guda, watau yadda mulki yake ƙaura, da abin da yake riƙe jama'a a wuri bayan mulki ya ƙaura. Bayanin da ya shafi noma da zaman gida bai keɓanta ga Bune kaɗai ba, ya game ƙauyukan Mangawa na wannan yanki, domin ƙasarsu ɗaya ce, shekararsu ma ɗaya.

Ƙasar da mutanenta

Gure tana wajen kilomita 160 gabas da birnin Damagaram. Ƙasar da ke kewaye da ita fili ce ta rairayi da ciyawa, itatuwa jefi-jefi, sai duwatsun Muniyo da suka taso a tsakiya, da tudun Kutus daga arewa. Wanda ya ratsa ta da rani zai ɗauka babu abin da ke cikinta sai ƙarangiya da iska. Amma tsakanin tuddan rairayin akwai ramuka masu zurfi, wasu ƙanana wasu manya, inda ruwan ƙasa yake kusa, kuma a cikinsu ne goruba da dabino da lambuna suke. Bahaushe yana ce wa irin wannan wuri kwari. Duk tarihin ƙasar yana rataye ne a kan waɗannan kwaruruka.

Mafi yawan manoman wurin Mangawa ne, wani reshe na Barebari, masu magana da karin Manga na harshen Kanuri. Daga arewa, a Kutus, akwai Dagirawa, su ma Barebari ne. Akwai Fulani da Tubawa da Buzaye masu kiwo, akwai kuma Hausawa, galibi a kasuwanni da garuruwan bakin hanya. Sunayen ƙasar da kansu suna nuna wanda ya riga zama. Ɗafin -ri na Kanuri yana nufin wurin wane ko ƙasar su wane, shi ne a cikin Mangari, ƙasar Mangawa. Ɗafin -ma yana nufin mai abu, shi ne a cikin Muniyoma, sarkin Muniyo, da kuma bulama, mai gari, daga kalmar bǝla, gari.

Daga fada zuwa ƙauye

Muniyo ta daɗe tana cikin ƙasashen yamma masu biyayya ga Borno. Labarin baka yana danganta gidan sarautarta da wani ɗan sarki da ya fito daga Mandara, kuma Bune ce mazaunin sarakunan kafin Gure. Zaɓen wurin ba abin mamaki ba ne. Dutse yana ba da mafaka daga mahara, musamman Buzaye masu saukowa daga arewa, kwari yana ba da ruwa, kanwa kuma tana ba da abin da sarki zai karɓi haraji a kai.

A farkon ƙarni na 19 Borno ta girgiza. Birnin Gazargamu ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi cikin shekara ta 1808, Shehu Laminu ya kafa Kukawa cikin 1814, ƙasashen gefe kuwa kowace ta shiga neman faɗaɗa kanta. A wannan zamani ne Muniyoma Koso ya ci Gure ya mai da fadarsa can. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya ratsa Muniyo cikin watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, a Gure ya gana da Koso. A Bune kuwa ya tarar da gari biyu, tsoho da sabo, tsohon yana gindin duwatsu ya riga ya soma lalacewa, ga tafkin kanwa a kusa. Watau tun shekaru 170 da suka wuce Bune ta riga ta shiga halin da take ciki, na tsohuwar fada wadda ta koma zaman noma.

Akwai wani abu a bayanin Barth da ya kamata masu nazarin noman yankin su riƙe. Ya ambaci Wushek, wani gari kusa da Gure, a matsayin babbar matattarar noman alkama a yammacin Borno. Alkama ba ta yi a wannan ƙasa sai da ban ruwa, cikin sanyi. Ashe noman rani a kwari ya girmi duk wani shirin gwamnati da ya zo yana koyar da shi, ko da yake rahotanni da yawa na bayan yunwar 1984 sun yi maganarsa kamar sabon abu ne da aka kawo wa mutane.

Bayan Koso, ƙarfi ya koma yamma. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulkinsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884, ya tara bindigogi ya karya Muniyo ya sa ta ƙarƙashinsa. Rabe ya ci Borno cikin 1893, Faransawa suka shiga Damagaram cikin 1899, ba a daɗe ba suka kafa bariki a Gure. Daga 1906 zuwa 1909 ayarin Kyaftin Tilho ya bi ƙasar yana shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Tafintan ayarin, Landeroin, ya rubuta labarun sarakunan yankin daga bakin dattawa, kuma shi da Tilho ne suka wallafa nahawu da ƙamus na Hausa a ƙarshen tafiyar. Abin da aka rubuta a lokacin jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu, domin abin da mai mulki yake bukata ke nan don ya san wanda zai naɗa. Tarihin rijiya da gona da wanda ya fara sare daji ya zauna a bakin mutane.

Iyakar ta raba Mangawa biyu, wasu a Nijar wasu a ƙasashen Nguru da Machina da Gashuwa. Nasara ya yanka tsohuwar Muniyo kanto-kanto, Bune ta zama mazaunin sarkin kanto, matsayin da ta riƙe bayan samun mulkin kai cikin 1960. Da aka kafa kwaminoni aka yi zaɓensu na farko cikin 2004, ta zama cibiyar kwamin ta karkara, tare da Gidigir da Kelle da Gamu da Alakos a cikin gundumar Gure. Sai dai babbar hanyar kwalta da ta haɗa Damagaram da Gigimi, wadda aka shimfiɗa ɓangarenta na gabas da taimakon Kanada cikin shekarun 1970, ta bi ta Gidigir da Gure ne. Kasuwa takan bi hanya, ma'aikaci ma haka.

Tudu da kwari

Manomin wannan ƙasa yana da ƙafa biyu, ɗaya a tudu ɗaya a kwari. Wanda ya ƙidaya ɗaya ya bar ɗaya bai fahimci yadda gida yake kai shekara ba.

A tudu ake noman damina. Gero shi ne uban tafiya, ana haɗa shi da wake, wani wuri da guna ko riɗi ko yakuwa. Dawa sai a inda ƙasa ta ɗan yi nauyi. Ruwan shekara kaɗan ne, kuma ba shi da alkawari. Kafin ƙarshen shekarun 1960 abin da ake samu a Gure yana kai wajen milimita 400, cikin shekarun 1970 da 1980 ya sauko ƙasa da 300, daga baya ya ɗan farfaɗo amma da rashin tabbas. Saboda haka dabarar manomi ita ce faɗi da sauri. Yakan yi binne tun ruwa bai sauka ba, in shuka ta ƙone ya sake, wani lokaci har sau uku. Mai sungumi yana gaba yana sara, mata da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Noma kuwa da hauyar tsaye ake yi, mai doguwar ƙota, wadda ake turawa gaba tana yanke ciyawa ƙarƙashin rairayi ba tare da an juya ƙasa ba. A kudancin iyaka ana ce mata ashasha. Da ita mutum guda yake nome filin da mai fartanya ba zai iya ba. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana bin rayuwar Dagaceri, wani ƙauyen Mangawa a arewacin Najeriya, ya kuma wallafa sakamakon cikin 1989, ya nuna cewa wannan faɗaɗa gona da yawan irin gero da ake ajiyewa hanya ce ta rarraba hasara. Wanda bai san ƙasar ba yakan kira shi noman ganganci.

Kanuri ya raba shekara huɗu: nǝngǝli, damina, bigǝla, kaka, binǝm, lokacin sanyi, be, bazara. Rabon ya yi daidai da na Hausa, amma nauyin aikin da ke cikin kowane ya bambanta da na ƙasar Katsina ko Maraɗi, domin a nan sanyi ba lokacin hutu ba ne. Da an ɗaure dammuna an fitar da zakka an cika rumbu, sai aiki ya gangara kwari.

Kwari yana da tsari kamar zobba, wani cikin wani. Daga waje gangaren rairayi ne. Sai zoben goruba, wanda yake tare iska da rairayi. Daga ciki sai dabino da lambuna, inda ƙasa take baƙa mai laima: rogo, dankali, rake, masara, albasa, alkama, barkono, kabeji, wani wuri har ayaba da lemu da mangwaro. A tsakiya kuma, inda ruwa ya fi kusa, rana tana tsotse shi ya bar farin ɓawo, nan ne fagen kanwa. Masu binciken ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da abokan aikinsu sun kasa kwaruruka uku bisa zurfin ruwa: wanda ruwansa yake a fili ko kusa da fili, matsakaici, da mai zurfi wanda rijiyarsa ta wuce mita 4. Rabon yana da amfani, amma ba tsayayye ba ne. Kwarin da kakanni suka sha ruwa da ƙwarya a cikinsa yana iya zama mai zurfi a zamanin jikoki, in ruwa ya ja baya. Lambu ya mutu, dabino ya bi, goruba ta rage ita kaɗai, a ƙarshe wurin ya koma makiyaya.

Dabinon wannan yanki yana da wata ɗabi'a da ba a saba gani ba a Kawar ko Abzin, yakan yi fure sau biyu a shekara. Ɗayan nunan yana faɗowa cikin damina, laima takan ɓata shi, sai a sayar da shi ɗanye da gaggawa a kan kuɗi kaɗan. Amma darajar dabino ta wuce ƴaƴansa. Bisa al'ada, itacen na wanda ya dasa shi ne, ana gadonsa, ana sayar da shi, ana jinginar da shi, ko da ƙasar da yake tsaye a kai ta wani ce. Don haka mai ƙasa ba ya yarda wanda ya ara wa fili ya dasa dabino, domin dashen yana zama hujja. Gardama da yawa da ke kaiwa gaban bulama ko sarki daga nan suke tasowa, musamman bayan mutuwar waɗanda suka yi yarjejeniyar da baki.

Goruba kuwa ita ce dukiyar marar dukiya. Da kabarta ake saƙa tabarma da faifai da igiya, aikin da mata da tsofaffi suke samun kuɗin cefane da shi duk rani. Kututturenta azara ne, ƴaƴanta abinci ne ranar da rumbu ya yi ƙasa.

Manda da kanwa

Sana'ar da ta sa sunan Muniyo da Mangari ya kai nesa ita ce ta gishiri da kanwa. Kanwa kankaro ta ake yi daga fage bayan ruwa ya janye, akwai fara akwai ja, kowace da kasuwarta. Gishirin da ake kira manda ya fi wuya. Akan kankare ƙasa mai gishiri a zuba cikin matata, a kwarara ruwa, a tara ruwan da ya tsiyaye, sa'an nan a dafa shi cikin ƙananan tukwane na yumɓu da aka jera a kan murhu har ya daskare ya zama curi. Aikin rani ne, na ƙungiya, kuma manoma ne suke yinsa. Da kaka ta wuce sai su tashi daga ƙauyukansu su kafa bukkoki a bakin kwari, su zauna wata da watanni, su koma gida kafin shuka. Sarki da masu riƙe da kwarin suna da rabonsu. Fatake suna ɗauka a kan jakuna da takarkarai da raƙuma zuwa Kano da sauran kasuwannin kudu. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi cikakken bayanin wannan ciniki a littafinsa na 1986 kan gishirin tsakiyar Sudan.

Gishirin teku da ya shigo da zuwan Turawa ya rage wa manda kasuwa, ga shi kuma dafa shi yana cin itace mai yawa a ƙasar da itace yake ƙaranci. Kanwa ta fi jurewa, saboda dabba tana bukatarta, tukunya tana bukatarta, mai taba ma haka. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru cikin 1930, sai hanyar kudu ta ƙara ƙarfi, ta ja kanwa da ƙaro da fatu da dabbobi. Tun daga lokacin fuskar tattalin arzikin ƙauyukan kudancin Gure take kallon Najeriya fiye da Yamai, har naira ta zama kuɗin ciniki a kasuwanni da yawa na bakin iyaka. Wannan ne ya sa duk rufe iyaka, na 1984 zuwa 1986, da na 2019, da na bayan juyin mulkin 2023, ya isa har cikin tukunyar gidan da bai taɓa ganin jami'in kwastan ba.

Gida da gari

Tushen zaman jama'a shi ne gida, mai gida da matansa da ƴaƴansa, wani lokaci da ƙannensa. Akwai babbar gona wadda kowa yake yi wa aiki, daga ita ake ci, akwai kuma ƙananan gonaki na mata da samari, irin abin da Hausawan Nijar suke kira gamana. Abin da mace ta samu a gonarta da akuyarta da saƙarta nata ne. Aikin da ya fi ƙarfin gida, kamar noman da ya kubce ko yaɓen rijiya, gayya ake kira.

Bulama shi ne mai gari. Shi yake tara haraji, shi yake nuna wa baƙo inda zai sara, shi ne matakin farko na sulhu kafin magana ta kai ga sarkin kanto. Kusa da shi akwai liman da malamai. Ƙasar Borno ta shahara da karatun Alƙur'ani, kalmomin tsangaya da gwani ma da Hausa take amfani da su suna da takwarorinsu a Kanuri, sangaya da goni. Yaro yakan bi malaminsa da rani zuwa wani gari, ya komo da damina ya yi noma. Gwamnatoci sun zo da nasu tsare-tsare a kan wannan: ƙungiyoyin haɗa kai na manoma tun daga 1962, sai samariya wadda gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da ita bayan 1974. Kowane ya yi zamaninsa ya wuce, bulama da liman suna nan.

Dangantaka da makiyaya ita ce mafi wuyar sha'ani. Manomi yana son taki da nono, yana kuma ba Bafillace kiwon ƴan dabbobinsa. Makiyayi yana son kara da ruwa da kanwa. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasan taubasai, wanda yake sanyaya magana kafin ta yi zafi. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam cikin 2014. Amma wasa ba ya hana saniya shiga lambu. Kwari shi ne wurin da yake da ɗanyen ganye da ruwa a lokacin da ko'ina ya bushe, saboda haka kowa can ya nufa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo, sai dai yawan jama'a da neman sabuwar ƙasa sun daɗe da tura gonaki gaba, burtali kuma yana ƙara matsewa.

Shekarun yunwa da tafiyar rairayi

Mutanen karkara ba su ƙidaya shekaru da lamba, da suna suke ƙidaya su. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Hausawa suke kira Kakalaba. Ta 1984 an laƙaba mata El Buhari a gabashin Nijar, saboda ta haɗu da rufe iyakar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi, hatsin kudu ya kasa shigowa. Tsakaninsu akwai ta farar 1931 da ta 1973 zuwa 1974, bayansu kuma ta 2005. Mai binciken da yake son sanin shekarun dattijo, ko lokacin da aka haƙa wata rijiya, da waɗannan sunaye zai auna. A irin waɗannan shekaru ake komawa ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ɗacinta yake fita, da ƙwayar ƙarangiya, da ganyen jiga. Maza su tafi cin rani, wasu ba su komo ba. Tun daga 1970 cin rani ya daina zama abin shekarar wahala kaɗai, ya zama sashe na kowace shekara, kuɗin da ake aikowa daga biranen Najeriya da Libiya yana cike giɓin da rumbu ya bari.

Babbar illar farin shekarun 1970 da 1980 ita ce ta tayar da rairayi. Tuddan da ciyawa ta daɗe da ɗaurewa suka tsiraita, iskar hunturu mai busowa daga arewa maso gabas ta soma tura su, suna gangarowa cikin kwari suna binne goruba da lambu, wani wuri har da gidaje da hanya. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne a kafa shinge-shinge na rassan kalimbo ko na kaba a gicciye wa iska, a yi su gida-gida kamar dara, a dasa itatuwa a ciki, a hana dabba shiga har ciyawa ta kama. Wani shiri na yaƙi da binnewar kwaruruka a gundumomin Gure da Maine-Sorowa, wanda aka sani da PLECO, ya yi wannan aiki daga wajen 2010 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Dabarar tana ci in an tsare wurin. Matsalar tana zuwa ne bayan shiri ya ƙare, mai gadi ya daina samun albashi: tudun da aka ɗaure, na wane ne? Na mai lambun da aka ceta, ko na garin da ya yi aikin, ko na makiyayin da yake bi ta nan tun kafin a kafa shingen? Inda ba a yanke wannan magana tun farko ba, shingen yakan ƙare a murhu.

Harshe da takarda

A gida da gona da bakin rijiya, Manga ake yi. A kasuwa, da wurin ma'aikacin gona ko na asibiti, da cikin mota, Hausa ce take haɗa Bamange da Bafillace da Batube. Maza masu zuwa cin rani kusan duk suna jin ta. Mata da ƙananan yara na ƙauyukan da ke nesa da hanya ba haka suke ba, kuma wannan bambanci shi ne wanda ƙididdigar da ta tsaya ga tambayar mai gida take ɓoyewa.

Cuɗanyar harsunan biyu tsohuwa ce, kuma da can Kanuri ne mai bayarwa. Joseph Greenberg ya nuna cikin 1960 cewa kalmomin Hausa irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Kanuri suka shigo, haka nan sarautu irin su galadima da ciroma da yarima. Yau ruwan ya juya, Hausa ce take shiga bakin matasan Mangawa. Kundin da aka zartar cikin watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, abin da zai ƙara mata nauyi a makaranta da ofis.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, wannan yana nufin ba za a yi wa gundumar Gure kuɗin goro ba. Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci tun 1963, taron Bamako na 1966 ya tsara haruffan Hausa da na Kanuri tare, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida ta buɗe a Damagaram cikin 1973 da Hausa, Kanuri ya biyo baya, an kuma tabbatar da ƙa'idojin rubutun harsunan biyu cikin 1999. Kayan aiki suna nan ke nan. Abin lura shi ne littafin da aka rubuta a Maiduguri ba ya zama daidai a Bune, domin ƙa'idar can ta ginu ne a kan karin Yerwa, wanda yake sassauta baƙaƙe a tsakiyar kalma inda Manga take riƙe da su, kamar kasuwu a can da kasugu a nan. Har ila yau, mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yana kuma rubuta bashin kanwarsa da ajami, ba daidai ba ne a sa shi aji ɗaya da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, ko da yake takardar ƙidaya takan haɗa su. Lokacin buɗe aji ma abin dubawa ne. An saba buɗe azuzuwan manya da rani bisa zaton manomi ba shi da aiki, alhali a ƙasar kwari lokacin ne yake ban ruwa ko yake fagen kanwa, in ma bai tafi kudu ba.

Inda rashin karatu ya fi yi wa mutumin Bune ciwo shi ne wajen ƙasa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma tanadi kwamitocin ƙasa, masu ba da takardar shaidar gado da saye da aro da jingina. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da haƙƙin makiyayi na bi da shayarwa. Takardun nan da Faransanci aka tsara su, wanda ya dangwala yatsa a kansu kuwa da Manga ya yi cinikin, wataƙila ta bakin tafinta mai Hausa. Magana ta bi ta harshe uku kafin ta kwanta a takarda. A kwari guda ana iya samun mai ƙasa daban, mai dabino daban, mai rijiya daban, mai haƙƙin kankarar kanwa daban, da makiyayin da yake da hanyar shiga bayan an kwashe amfani. Manga tana da yadda take faɗin kowane ɗaya daga cikin waɗannan, dattawan da suke yanke hukunci a kansu kuma suna raye. Tattara waɗannan kalmomi daga bakinsu, da daidaita su da na Hausa, shi ne aikin da ya kamata ya riga fassarar takardun, domin takardar da ta tanadi gurbi ɗaya tak na mai gona za ta rubuta mutum guda ta bar huɗu a waje.